Ƙofar Nasarar Gwaggo Panya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kujerun da aka jera a lungunmu na Ruwais, a Jidda, don makokin Gwaggo ba su isa ba, sai da aka aro na maƙwabta. Maza suna waje ƙarƙashin fitilun da aka ja daga bango zuwa bango, mu mata muna ciki, ana zagayawa da gahawa da dabino. Kowa ta shigo ta ce ya haƙuri, mu ce da godiya, Larabawan unguwa su yi tasu gaisuwar mu mayar musu da irinta. Bakina ya gaji da amsawa, amma kunnena bai gaji ba, don kowace mace ta zauna sai ta fito da wata Gwaggo daban da wadda na sani.

Wata 'yar Yaman da suka yi shekaru suna kasa yadi gefe da gefe a kasuwar Bab Makka ta ce ba ta taɓa ganin masifaffiya irinta ba, kuma tun da ta san ta ba ta kwana da yunwa ba. A numfashi ɗaya ta faɗi duka biyun tana share ido. Wata baiwar Allah daga Damagaram, wadda ni ban ma shaida ta ba, ta ce a ɗakin Gwaggo ta haihu lokacin da ba ta da takarda tana tsoron asibiti. Ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin da muke aiki tare ta zo da gyalen aro, tana kuka tana dariya, wai ta tuna ranar da Gwaggo ta tsare ta da zancen cokali da tebur, don ashe sunansu ɗaya ne a yarensu su biyun.

A can kusurwa kuma akwai wata doguwar budurwa cikin sabuwar abaya wadda ko karin ninki bai sake ta ba. Hannunta na kan gwiwa, ba ta jin ko ɗaya cikin abin da ake faɗi. Jikar Gwaggo ce, ita kaɗai gare ta, daga Ingila, kuma jirginta ya sauka ne bayan an riga an kai kakarta makwancinta. Tsohuwar maƙwabciyarmu, wadda bakinta ba ya azumi, ta kalle ta sama da ƙasa ta ce da ƙarfi, tunda ta san yarinyar ba ta ji, ashe dai ta san hanya, sai da tsohuwa ta mutu da sunanta a baki. Raina ya ɓaci, wallahi. Na ce mata Hajiya ci dabinonki. Ban ƙara ba don wurin makoki ne, amma tun a nan na ƙudura sai na rubuta yadda aka yi, kada a bar Gwaggo da rabin labari, kada kuma a ɗora wa marainiya laifin da na kalma ɗaya ne.

Matar kawuna ce, amma Gwaggo muka tashi muna ce mata, 'yan unguwa kuma Hajiya Panya. Panya shi ne yadda mutanenmu suke kiran wani tsibiri a cikin teku, kudu da Najeriya, wanda Turawan Sifaniya suka mulka. Mahaifinta Bahaushe ne mahauci, ya rasu tana goye. Mahaifiyarta 'yar tsibirin ce, da Sifaniyanci ta raine ta, da shi aka koya mata karatu a makaranta. Kawu ya je can sana'ar ɗinki ya aure ta, da zaman tsibirin ya gagara ya taho da ita aikin hajji, suka maƙale a Jidda wurin mahaifiyata. Hausa a bakin Kawu ta koye ta tana babba, Larabci a bakin kasuwa. Baƙin Larabci kuwa bai taɓa zama a idonta ba, sallarta da surorinta duk da ka ta riƙe su. Rubutun boko kaɗai take karantawa, kuma ba ta wuce shi: gwangwanin madara, bayan mota, allon kan titi, sai ta ja ta tsaya ta haɗa baƙi, ko da kuwa ana yi mata oda.

Mun taso mun ɗauke ta mai nauyin baki. Tsada a wurinta "sada" ce, ƙofa "kofa", kuma kafin ta gama jimla ɗaya mahaifiyata ta gama uku ta ɗora tukunya. Abu biyu kaɗai take yi da yaren uwarta: awon yadi, da faɗa idan ranta ya kai maƙura. Sai wata shekara lokacin alhazai, ina taya ta zama a Bab Makka, wata farar mata ta ɓata daga ayarinta, tana tsaye tana kuka tana maganar da ba wanda ya gane. Gwaggo ta yar da almakashi. Ta ce mata wani abu da yaren uwarta, matar ta juyo kamar an kira ta da sunan yanka. Jama'a, ranar na ga abin mamaki. Magana ta ɓalle daga bakin Gwaggo kamar an buɗe famfo, da sauri, da dariya, da hannu, da ɗaga gira, har da zolaya, don na ga matar ta kai mata dukan wasa. Ashe ba nauyin baki gare ta ba. Mu ne duk tsawon rayuwarmu muka san ta cikin harshen aro. Ta rufe kayanta da rana tsaka, ta kai matar gida ta soya mata agada, ta haɗa mata baƙin kofi marar sukari, sai bayan la'asar ta raka ta masauki. Da ta dawo ba ta ci abincin dare ba.

Tana da wata al'ada da kowa ya san ta da ita. Duk inda muka je, babban kanti ne, asibiti ne, tashar mota ce, in za mu fita sai ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa ta ce, "Bismillah, mu bi ta kofar nasara." Yara suka mayar da ita waƙa. Mahaifiyata takan ce to Hajiya, Allah Ya ba mu nasarar. Mun ɗauka addu'arta ce kawai, irin wadda kowace tsohuwa take da tata. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tambayarta abin da take kallo a saman ƙofar, kuma wannan yana cikin abin da yake ci mini rai har yau.

'Yarta ɗaya ce, wadda muke ce wa Yaya. Ta yi karatun jinya, ta auri wani likita haifaffen Ingila wanda iyayensa mutanen Gana ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Larabci, suka tafi can. Da aka haifi yarinyar, Turanci aka buɗe mata baki da shi. Wani zuwa da suka yi, yarinyar na 'yar shekara biyar ko shida, Gwaggo ta miƙa mata hannu ta ce zo nan ƙawata, yarinya ta ɓuya bayan uwarta. Nan faɗa ya tashi, a gabana. Gwaggo ta ce wa Yaya ta haifi 'ya ta ɗinke mata baki, ta raba ta da danginta da gangan, gobe in ta mutu da wane harshe jikarta za ta yi mata addu'a. Yaya ma ba kanwar lasa ba ce, gado ta yi. Ta bari sai da uwar ta gama, sannan ta ce:

"Ke fa, Mama? Wace kalma ɗaya kika koya mini cikin yaren taki uwar?"

Gaskiya ce. Lokacin da Gwaggo ta zo Jidda amarya, dangin Kawu, wato dangina, ba sai na ɓoye ba, suna ce wa yarenta yaren coci, in ta yi wa jaririyarta waƙa da shi sai a yi ta a'uziyya. Ta daina. Ranar faɗan nan ba ta kare kanta da wannan ba. Ta tashi ta shiga madafa ta yi ta buga tukwane, kuma har su Yaya suka koma ba a sake tayar da zancen ba.

Ciwo ya kama Yaya a can, bai ja dogon lokaci ba. Gwaggo ba ta je jinya ba, ba ta je jana'iza ba. Tun rasuwar Kawu iƙamarta, wato takardar zamanta, ta mutu, kafilin da suke ƙarƙashinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya musu, ya ce shi da mamacin ya yi alkawari, ba da matarsa ba. Wanda ya zauna cikinmu ya san ma'anar wannan: in ta sa ƙafa waje, ta fita ke nan. Ba kalmar da ake tsoro a unguwarmu kamar khuruj, fitar da ba dawowa. A waya aka nuna mata kabarin 'yarta. Bayan sadakar arba'in ta kira ni, tunda ni ke zaman tebur ɗin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti a Aziziyya kuma Turanci ne rabin aikina. Ta ce Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, to ita an ɗaure tata ƙafar, saura harshe. Jikarta ta rasa uwa, in ita ma ta zauna bebiya a waya tana ɗaga hannu tana murmushi, wata rana yarinyar za ta daina ɗauka, jinin Yaya ya ɓace a cikin Turawa. Ta ce yalla, koya mini. Ta haura saba'in a lokacin.

Ban taɓa ganin ɗaliba mai taurin kai irinta ba. Da farko murna ta yi, don ta gano kalmomi da yawa ta riga ta san su. Asibiti, likita, iyali, matsala, muhimmi, duk kusan ɗaya suke da na yarenta. Ta tafa hannu ta ce ashe Turanci Panyanci ne aka yanke wa wutsiya: ita ta ce "problema" su ce "problem", ta ce "momento" su ce "moment". Daga nan ta kasa kalmomin Turanci kashi uku kamar yadda take kasa yadi. Akwai 'yan uwa, su ne waɗanda ta zo da su daga gida, kuma in na kuskura na fara yi mata bayanin ɗaya sai ta ɗaga hannu ta ce halas, wannan 'yar garinmu ce, wuce. Akwai baƙi, waɗanda sai ta yi ta maimaita su tana wanke-wanke. Sannan akwai munafukai.

Munafukai su ne masu fuskar 'yan uwa da zuciyar wani. Ta fara gamuwa da su a kasuwa. Tufafi a yarenta "ropa" ne, ta yanke wutsiya yadda ta saba, ta yi ta kiran alhazan Afirka ta Kudu su zo su sayi "rope" mai kyau, har wani ya tambaye ta ina igiyar. Wadda ta fi ba ta haushi ita ce ta mura. Ta je kantin magani ita kaɗai don ta gwada kanta, ta ce wa ɗan Indiyan da ke wurin tana "constipated", don a yarenta mai mura "constipado" yake. Bawan Allah ya ba ta maganin sakin ciki. Ta sha da bismillah. Washegari na same ta a galabaice, hanci na zuba har yanzu, ta ce mini kalmar nan ko a lahira ba ta yafe mata ba. Ni kam na yi dariya har da riƙe bango, ta jefe ni da silifa.

Karin maganarsu kuwa faɗa take yi da shi kamar mutum. Na ce mata in abu ya yi tsada Bature yakan ce ya ci masa hannu da ƙafa. Ta ce mutanen Panya ido ɗaya kawai suke biya, Bahaushe kuma ya ce ɗan karen tsada ya riƙe gaɓoɓinsa, ka ga wanda ya fi wayo. In ana zolayar mutum Bature ya ce ana jan ƙafarsa, ta ce su gashi suke ja, kuma ya fi ma'ana, don wa zai sunkuya har ƙasa saboda wasa. Ranar da ta ji cewa in mutum zai hau dandali ana yi masa fatan ya karya ƙafa, salati ta saka, ta ce kada na sake na koya mata mugun baki, kuma in faɗa wa jikarta duk wanda ya ce mata haka ta tofa masa a'uziyya. Har ta rasu makaranta "eskul" ce a bakinta, ba yadda ban yi ba.

Amma abin ya yi aiki, wannan shi ne abin tausayin. Wayar da a da ba ta wuce gaisuwa ta fara tsawo. Yarinyar tana gyara mata, tana dariya, tana turo mata hoton abin da ta dafa. Gwaggo ta ba ta labarin yadda Yaya ta taɓa cusa ƙwallon dabino a hanci, da Turancin da ya karye gida goma, amma ya isa. Ta fara sa kwalli kafin ta ɗauki waya.

Sai uban ya kawo ta umara, lokacin tana shirin jarrabawar gama sakandare. Ya sake aure, an yi ƙanne, kuma ko ba a faɗa ba ka ga yarinyar da ba ta san inda za ta ajiye kanta ba. Ta yi 'yan kwanaki a ɗakin Gwaggo, ina tsakaninsu ina fassara inda ya cije. Ranar tafiya, da hantsi, Gwaggo ta ce in ba su wuri, yau ba ta son tafinta, da bakinta za ta sallami ƙawarta. Na fita tsakar gida ina jin daɗi. Ba a jima ba yarinyar ta fito da jakarta, ido jawur, ta wuce ni ko kallo babu, ta shige motar ubanta. Na ce kukan rabuwa ne. Gwaggo ma haka ta ce, tana share nata hawayen tana alfahari, wai ta faɗa mata komai, kuma ko kalma ɗaya ba ta nema ta rasa ba.

Daga ranar waya ta mutu. A kira ba a ɗauka. In an yi sallah sai gajeren saƙo ya zo, irin wanda ake tura wa kowa. Na rubuta mata ni da kaina na ce lafiya, ta ce karatu ne ya yi yawa, komai "fine". Gwaggo ta ce to alhamdulillahi, ai "fine" lafiya ke nan. Ni da nake aiki da masu Turanci na san akwai "fine" ɗin da ta fi zagi ciwo, amma ban san daga ina ta taso ba. Gwaggo ta yanke wa kanta hukunci cewa Turancinta ne ya gundure yarinyar, wa zai so hira da tsohuwa mai in'ina. Sai ta ƙara ƙaimi. Ta bar kallon komai sai tashar Turanci, tana bin bakin mai labarai. Kullum in na dawo aiki sai ta tare ni da sabuwar kalma, ta ce in ƙawarta ta kira za ta sha mamaki. Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta, ba ta kira ba. Kwallin dai ba ta daina sawa ba.

Ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya fara gajarta, likita ya ce zuciya ce. Ranar da aka ce a kwantar da ita, ina tura ta a keken marasa lafiya cikin dogon barandan asibiti, ta ɗaga kai ta ga koren allon nan mai haske a saman ƙofa. Ta yi murmushi ta ce in duba, ko a nan ma sun rubuta, mutanen nan akwai kyakkyawan fata, kowace ƙofa sai sun sa mata nasara. Na ce wace nasara, Gwaggo? Ta nuna da yatsa ta karanta mini baƙi ɗaya-ɗaya: "Exit." Ta ce a yarenta "éxito", nasara, cin jarrabawa, samun abin da aka fita nema. An yanke wutsiya ne kawai. Ta ce ita ce kalmar farko da ta karanta a ƙasar nan ranar da suka sauka daga jirgi, tana amarya, ba ta san kowa ba, ta gan ta a saman ƙofa ta ce wa zuciyarta Allah Ya karɓe mu.

Na yi dariya, ta zo mini ne kafin tunani. Na ce haba Gwaggo, ashe ƙofar nasarar ke nan! Ai wannan babbar munafuka ce. Ma'anarta mafita. Fita. Khuruj.

Ta sa hannu ta riƙe tayar keken.

"Fita?"

"Fita, Gwaggo."

"In ka ce wa mutum ita fa?"

A nan tsakiyar baranda, mutane na ratsa mu, ta ba ni labarin abin da ya faru a ɗakin ranar tafiyar jikarta. Yarinyar ta durƙusa a gabanta tana kuka tana magana a hankali. Gwaggo ta tsinci makaranta, ta tsinci gamawa, ta tsinci zuwa, ta tsinci "nan, tare da ke". Ta gane cewa so take in ta gama ta dawo Jidda ta zauna da ita. Daɗi ya kusa kashe ta. Amma ba ta so yarinya ta yi wasa da jarrabawa saboda tsohuwa, so take ta ce je ki ci nasara tukuna, nasararki nake so, ɗakin nan naki ne. Sai ta dafa kanta, ta nuna ƙofa da ɗaya hannun, yadda ta saba nuna ƙofar nasara, ta ce mata kada ta yi kuka, ta tafi, abu ɗaya take so daga gare ta: exit. Ta ce sau uku ta maimaita, da ƙarfi, don ta tabbata ta shiga.

Marainiyar da take ganin ba ta da wuri a gidan ubanta, ta roƙi wuri a ɗakin kakarta, aka nuna mata ƙofa aka ce fita. Gwaggo ta ɗora hannu biyu a ka, abin da ban ga ta yi ba ko ranar rasuwar Yaya. Ta ce, "Na kori 'yar 'yata da addu'a."

Na ce bari in kira ta yanzu in yi mata bayani. Ta ce a'a, bakin da ya ɓata shi zai gyara. Aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci, ta sa na riƙe mata waya. Mun ɗauki saƙon ya fi a ƙirga, numfashi na yanke mata, tana cewa goge, sake. Na so in gyara mata jimlolin ta harare ni. Wanda muka tura a ƙarshe rabinsa Turanci ne, sauran Hausa da yaren uwarta duk a cakuɗe. Ta ce ƙawata, Turancina munafuki ne. Kalmar nan a bakin uwata nasara ce. Ban ce ki fita ba. Ban taɓa cewa ki fita ba. Sannan ta rufe da baƙuwar kalma, wadda ta sha wahala kafin ta riƙe ta, ba 'yar garinsu ba, don ta ce ta daina yarda da 'yan uwa: "Come."

Waya ta nuna an saurara. Shiru. Gwaggo takan farka ta dube ni, in girgiza kai, ta mayar da ido. Daga baya yarinyar ta faɗa mini cewa ta saurara ne a tashar jirgin ƙasa, ta zauna a ƙasa cikin mutane, kuma kunya ce ta hana ta amsawa nan take, ta rasa da wace fuska za ta fara bayan shirun da ta yi. Kafin ta samo fuskar, jikin Gwaggo ya rikice, ta daina magana. Amsar ta zo da safe, doguwa, kuka ya fi maganar yawa, tana cewa ga ta nan, ta sayi tikiti. Na kara wayar a kunnen Gwaggo na kunna, na sake kunnawa. Mutane suna so in ce ta motsa yatsa ko ta yi murmushi. Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba. Ban sani ba ko ta ji. Bayan azahar ta cika.

Ga abin da tsohuwar maƙwabciyarmu ba ta sani ba ranar da take taunar dabino tana taunar marainiya. Na faɗa mata daga baya, washegari ta aiko wa yarinyar da turaren wuta.

Gwaggo ta yi wa harshe uku bauta a rayuwarta, kowanne don ta zauna lafiya da wasu, nata kuwa ta tafi da shi ba ta bar wa kowa ba. Awon yadinta kaɗai ya rage a bakina, daga ɗaya zuwa goma, shi ma ban tabbata ina faɗinsa daidai ba, kuma babu wanda zan tambaya. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya haɗa ta da Yaya da Kawu da uwar da ta yi mata waƙa, a inda ba a bukatar tafinta.

Bayan an share makoki yarinyar ta haɗa jakarta. Ba ta ɗauki komai a ɗakin ba sai almakashin awo da tandun kwalli. Na rako ta har bakin ƙofar ɗakin, wadda aka nuna mata wancan karon. Ta tsaya ta ƙi ƙetarawa. Ta ce in sallame ta. Na dafa kanta na ce Allah Ya ba ki nasara, na fassara mata. Ta girgiza kai, ta ce ba haka ba, yadda kakarta ta faɗa take so.

Na nuna ƙofar da ɗaya hannun.

"Exit, ƙawata."

Duk zaman makokin nan kalma ɗaya ta tsinta a bakin mata, kuma ita ta ba ni.

"Amin," ta ce, sannan ta sa ƙafa ta fita.